Malam Gwada Ya Miƙa Makulli

Kafin masu shara su gama da barandar hawa na biyu, Malam ya riga ya iso. Yakan zo da baƙar jakarsa wadda igiyarta ta sha ɗinki, ya wuce ofishinsa ko kallon ƙofar bai yi ba, ya nufi ɗakin da ke can ƙarshen baranda. Ƙofar ɗakin tana da halinta: sai ka ɗan jawo ta wajenka kafin makulli ya yarda ya murɗu. In ya shiga sai ya buɗe tagogi, ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana kunnawa, yana kasa kunne kamar likita mai zagayen safe. Wadda fankarta ke gurnani ya ɗan bubbuga mata gefe. Wadda ta ƙi tashi ya durƙusa ƙarƙashin tebur, da furfurarsa da komai, ya lallaɓa wayoyinta. Sai kowace ta kawo haske, sannan ya zauna ya jira ɗalibai. Kusan shekara talatin haka safiyarsa take.

Malamin kimiyyar kwamfuta ne a jami'a. Da hantsi yana gaban 'yan aji ɗaya, yana koya musu rubuta manhaja, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki. Da rana kuma yana ɗakin ƙarshen baranda, inda yake koyar da ƙera wasannin kwamfuta, yana kuma duba ɗaliban da ke bincike don manyan digiri. Shi ya kafa kwas ɗin wasannin, a lokacin da wasu abokan aikinsa ke cewa a bayan idonsa, mutum da digiri har uku ya ƙare a wasan yara. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan da ya bi shi. Duk wanda ya je masa da tambaya, "Malam, in na yi kaza zai yi?" amsar guda ce: "Gwada mu gani." Tun ana faɗa a ɓoye har ya zamana shi ma yana amsawa.

A wannan watan ne Malam Gwada ya yi ritaya. Kuma tun bara ya san abin da ke jiran ɗakin nasa. Hukumar jami'a ta faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in babu wanda zai gaji kwas ɗin, za a soke shi, a yanka ɗakin a yi ofisoshi. Wanda zai karanta wannan jinjina ya riƙe wannan a ransa, domin a kansa ne aka auna mutumin.

A kusurwar ɗakin akwai wata kujerar katako wadda ɗalibai ke kira kujerar shiru. Dokarta sananniya ce. Duk wanda ya ƙera wasa, sai an nemo mutumin da bai taɓa ganin wasan ba, an zaunar da shi gaban kwamfuta. Mai wasan kuma ya koma baya ya hau kujerar shiru, ya danne hannayensa da cinyoyinsa, ya kama bakinsa. Ba bayani, ba nuni, ba gyaran murya. Kallo kawai.

Wani tsohon ɗalibinsa da ake kira Dogo, wanda yanzu ke aiki a wani kamfani mai nisa, har yau in ya tuna ranarsa sai ya riƙe ciki. Ya ƙera wasan wani ɗan aike mai ƙetare titi da tiren ƙwai a ka, yana ji da shi kamar ɗan fari. Ana cikin neman wanda zai gwada, sai ga matar Malam ta leƙo, ta kawo masa gilashin da ya manta a gida.

"Yawwa, Hajiya, faɗuwa ta zo daidai da zama," in ji Malam. "Zo ki zauna."

"Ni? Ni da ko wayata sai jika ya saita mini?"

"Ai irinki muke nema."

"To, ka ji zagi a gaban yara."

Ta zauna, ta gyara mayafi, ta fara danne-danne. Ɗan aiken ya nufi bango ya yi karo. Ya juyo, ya sake komawa bangon. Ƙwai suka tarwatse. Aka sake, aka kuma.

"Wai wannan ɗan mutumin ya sha wani abu ne?" ta tambaya.

Dogo na bayanta gumi na tsattsafo masa. Da abin ya ci tura sai ya fashe: "Mama, kibiyar hagu! Ta hagu!"

Malam ya juyo a hankali. "Dogo, in wasan nan ya shiga duniya, kowa za ka bi har gida ka tsaya a bayansa kana ihun kibiyar hagu?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Hajiya ta miƙe, ta ce, "Ɗan nan, kada ka kula su. Ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Tana fita Dogo ya ɗan samu ƙarfi ya ce, "Malam, ai ka ji, ta ce ya yi kyau."

"Bakinta ne ya faɗa," in ji Malam. "Ka kalli hannunta? Tun ba a je ko'ina ba ta saki madannan kwamfutar tana laluben jakarta. Baki yana jin kunyarka, yana tausayinka. Hannu babu ruwansa. In kana son gaskiyar aikinka, daina tambayar mutane, kalli hannunsu."

Dogo ya ce duk lissafin da ya koya a jami'a, wannan maganar ce ta fi ciyar da shi.

Kai ne, Malam, ka ɗauki yaran da suka zo da girman kan na-iya, ka koya musu zama a baya su kalli wani yana tuntuɓe da aikinsu, su kuma gane laifin ba na mai tuntuɓen ba ne. Kai ne ka zauna da ɗalibi wuni guda kuna neman kuskure ɗaya a cikin dubban layukan manhaja, ka gan shi tun da farko, ka haɗiye, har sai da idonsa ya kai wurin da kansa. Kai ne in takardar bincike ta fito, sunanka ke can ƙarshe, a bayan na yaran da ka horar. Mai haƙurin jira, ba mu san na biyunka ba.

Sai dai wannan sana'a tana da wani ciwo da ba a cika faɗa ba. Makaniki in ya gyara mota, gobe zai gan ta tana wucewa ta gaban garejinsa. Tela yana ganin ɗinkinsa a jikin mutane. Shi kuwa malami irin wannan, alamar aikinsa ya yi kyau ita ce a tafi a bar shi. Wanda ya fi ƙwarewa shi ya fi yin nisa. Shekara bayan shekara ɗakin yana cika yana zubewa. Da farko sukan kira, daga baya sai saƙo jefi-jefi, daga nan sai labari a bakin wani: wane ya yi aure, wance ta zama babba a wurin aikinta. Malam ya ce masha Allah, ya koma ƙarƙashin tebur yana lallaɓa waya. Matarsa ta ce akwai ranakun da zai dawo gida ya zauna bai cire takalmi ba, ya ce mata, "Yau wani yaro ya yi dariya sak irin ta wane." Ya kira sunan wanda ya tafi tun shekarun baya.

Daga cikin duk waɗanda suka ratsa ɗakin, mutum ɗaya ce ta rage a hannunsa lokacin da ritaya ta ƙarato. Ita ce ta ƙarshe da ya ɗauka a digiri na uku, don haka kowa ke kiranta Auta. Bincikenta a kan yadda wasa zai riƙa gane cewa mai buga shi ya rikice ko ya gaji, ya sassauta masa ba tare da an gaya masa ba. Aiki ne mai cin ƙarfin na'ura, kwamfutocin ɗakin kuwa sun tsufa tare da mai su. Takan ɗora gwaji ta jira kwana da kwanaki, wani lokacin wuta ta ɗauke a tsakiya ta koma farko. Ba ta ƙorafi. Ita ke riƙe wa Malam aji in ya je taro, ita ta san halin ƙofar, 'yan aji ɗaya kuma tsoronta suke ji fiye da nasa. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare: Auta ce magajiya.

Shugaban sashe, wanda shi ma tsohon ɗalibin Malam ne, ya ɗanɗani kujerar shiru a zamaninsa, shi ya fi kowa murna. Ya riga ya fara zirga-zirgar samar mata gurbin koyarwa.

Sai wata rana Dogo ya kira a waya don gaisuwa, a cikin hira ya ce, "Af, Malam, barka da arziki! Na ji wata babbar cibiyar bincike ta ɗauki Autarka. Wurin da mu ko ƙofarsa ba mu isa mu leƙa ba." Malam ya ce, "Wace cibiya?" Dogo ya ce, "Kai... ba ta faɗa maka ba?" Ashe an daɗe da yi mata tayin, ta ɓoye, tana shirin ta ce musu a'a ba tare da kowa ya ji ba.

Da maganar ta kai kunnen shugaban sashe, da kansa ya taka har ƙarshen baranda, ya rufe ƙofa.

"Malam, don Allah ka bar ta yadda ta tsara. Ba ma sai ka roƙe ta ba. Ka yi shiru kawai, kamar ba ka ji ba. In kuwa ta tambaye ka, kalma ɗaya ce. Ka ce zauna, wallahi ko kujerar zinariya aka ajiye mata a can ba za ta je ba."

"Na sani," in ji Malam.

"To, me ya rage?"

"Sanin ne ya dame ni."

Ya kwana biyu yana juya abin. Ya san shugaban sashe ba mugunta yake nufi ba. Ya san in ya yi shiru babu wanda zai ce ya yi laifi, ita kanta ba za ta taɓa zarginsa ba. Ɗakin zai rayu, kujerar za ta ci gaba da sa yara gumi, kuma shi in kewa ta dame shi yana da inda zai leƙa a ba shi wuri. Yana son hakan. Matarsa ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin yana son wani abu kamar haka ba.

Ranar da ya yi maganar, da la'asar ne, ɗalibai sun watse. Auta na zaune gaban kwamfutarta tana jiran gwajin da ke rarrafe.

"Auta, Dogo ya kira ni."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Wannan Yaya Dogon, bakinsa ya fi shi tsawo."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Don babu abin faɗa, Malam. Na riga na yanke shawara. Zan zauna. Ina son ɗakin nan, ina son koyarwa. Ba wanda ya tilasta ni."

"To, madalla. Amma nuna mini wurin nasu in gani, ko don in san abin da muka ƙwace musu."

Ya jawo kujerar katakon nan daga kusurwa ya zauna a bayanta. Ta buɗe shafin cibiyar na intanet. Bai ga ta tsaya neman komai ba, yatsunta sun san hanya kamar mai shiga ɗakin uwarta. Ta nuna masa na'urorinsu, ta ce gwajin da ke cin mata mako a nan, can kafin mutum ya gama gaisawa ya fito. Ta buɗe aikin wata mai bincike, ta sa yatsa a jikin gilashin kwamfutar tana cewa, "Ka ga nan, Malam, nan suka tsaya, ni kuma na san abin da ya kamata a gwada." Muryarta ta tashi, hannu ɗaya na kan madannai ɗaya na zana abu a iska.

"Ya yi," in ji shi. "Yanzu nuna mini tsarin da kika yi wa kwas ɗin na baɗi."

Ta buɗe. Tsari ne mai kyau, babu abin da ya ɓace. Ta karanta masa daga sama har ƙasa da murya daidai. Hannayenta kuwa suna kan cinyarta a naɗe, ɗaya ya riƙe ɗaya.

Malam ya kalli hannayen nata. Sannan ya ce, "Ki amsa musu. Ki tafi."

"Malam, in na tafi rufe ɗakin za su yi."

"Za su rufe."

"To ai shi ya sa..."

"Auta, ban karɓe ki daga hannun iyayenki don ki yi mini gadin ɗaki ba."

Idonta ya ciko. Ta ce, "Wato ba ka so in zauna."

"Ina so. Ina so har ba na iya kallonki in faɗa. Amma son nawa ne. Naki na gan shi ɗazu."

Ta yi kuka, ta yi gardama, ta ce bai yi mata adalci ba, ya yi mata abin da ake yi wa masu gwada wasa. Ya ce ƙwarai kuwa, abin da ya iya ke nan. Bayan 'yan watanni ta kare bincikenta a gaban malamai, ta zo gida ta yi wa Hajiya sallama, ta tafi.

Shugaban sashe ya ɗauki lokaci ba ya haɗa ido da shi. Da suka haɗu a matakala ya kasa daurewa, ya ce, "Malam, da girmanka, amma ka zaɓi mutum ɗaya a kan ɗaruruwa. Yaran da za su zo baɗi da baɗin baɗaɗa, wa ya tambaye su?" Malam bai kare kansa ba. Ya ce, "Wataƙila kai ne da gaskiya." Ya ci gaba da hawa.

Kuma lallai tambayar tana da nauyi, ba za a kawar da ita don ana jinjina ba. Akwai wani yaro a wani gida yanzu, yana wasa da wayar yayansa, wanda da ɗakin nan ne zai buɗe masa ido, ga shi zai zo ya tarar da ofisoshi. Wa zai biya shi? In an ce Malam ya yi daidai, to wannan yaron fa? In kuma an ce ya yi kuskure, sai a tambaya: alherin da aka gina a kan yarinyar da ta binne abin da take so saboda kunyar malaminta, alherin wa ke nan? Wa ya halatta a yi sadaka da rayuwar wani, ko da shi ne ya miƙo ta da hannunsa? Mai tunani zai iya shekara yana juya wannan bai kai ƙarshe ba. Abu ɗaya ne ba ya juyuwa. A cikin hanyoyin biyu, ɗaya ce take da riba ga Malam, kuma ita ce ya bari. Mutane da yawa in sun rasa gane daidai, sukan zaɓi wanda ya yi musu daɗi su sa masa suna maslaha. Kai ba ka yi haka ba, Malam. Ka san kalmarka tana da ƙarfin ɗaure mutum, sai ka ƙi amfani da ita.

An soke kwas ɗin. A makon jiya ya kashe kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe tagogi, ya kai makulli ofishin shugaban sashe. Har ya juya zai fita ya dawo ya ce, "Ka gaya wa masu zuwa, sai an ɗan jawo ƙofar." Shugaban sashe ya ce, "Malam, ƙofar ma cire ta za a yi." Ya ce, "Haka ne." Sai tsohon ɗalibin ya karɓi baƙar jakar ya raka shi har bakin mota.

Abu ɗaya ya roƙa aka ba shi: wata tsohuwar kwamfuta da aka riga aka cire daga lissafin kayan aiki. A cikinta ya tara wasannin da ɗalibansa suka ƙera tun daga farko, masu kyau da guragu da waɗanda ba a gama ba. Yanzu tana kan tebur a falonsa, kusa da taga. Matarsa ta ce da hantsi, lokacin da ya saba shiga aji, sai ya zauna ya buɗe ɗaya. Yana bugawa yana magana shi kaɗai. "Ka ji wane, har yanzu tsallen nan bai daidaita ba." "Wance ke nan, komai sai ta sa masa ruwan ɗorawa."

Akwai wani wasa da ya fi komawa kansa. Na wani ɗalibi ne da ya bar karatu a tsakiya, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Wani ɗan mutum ne riƙe da fitila yana neman hanyar fita daga wani gida mai ɗakuna da yawa. Yana da kyau, in ji Hajiya, har ita ta iya shi. Amma a mataki na uku akwai ƙofar da ba ta buɗuwa, domin mai wasan bai ƙarasa ba. Kullum Malam sai ya bi da ɗan mutumin har bakin ƙofar, ya tsaya, fitilar na ci.

Ran nan ta gaji ta ce, "Wai Malam, kai da ka koya musu, ba ka san gyaran ba ne?"

"Na sani. Layi ɗaya ne a cikin manhajar. Tun shekarar na gan shi."

"To gyara mana, mu ga abin da ke bayan ƙofar. Ni fa abin ya fara damuna."

Ya ce, "In na gyara, in ya dawo me zai tarar?"

Mun gode, Malam Gwada. Mun gode a madadin waɗanda suka tuna da waɗanda hidimar duniya ta sha kansu. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sanyaya maka wannan kewar da kai ka saya da hannunka don wasu su yi nisa. Masu riƙe da ɗalibai, ko yaran shago, ko 'ya'yan cikinsu, ga abin koyi: in wanda ke ƙarƙashinka ya ce maka ya yarda, kada ka yi saurin murna, duba ko kunyarka ce ta yi magana. In lokacin sakinsa ya yi, sake shi, ko da kai ne za ka zauna a ɗaki kai kaɗai.

Ku kuma da kuka ratsa ɗakin ƙarshen baranda, duk inda kuke, shi ba zai kira ku ba, kun san halinsa. Ku ku kira. Wanda ya samu hanya ya je, ya kai masa abin da yake ƙerawa yanzu ya gani. Kai kuma mai ɗan mutum da fitila, in wannan rubutu ya iske ka, ba a tambayarka inda ka shiga ko me ya faru. Malam yana gida, kuma bai taɓa layin ba.